Tsarabar da Ta Hana Jirginka Tashi

Zuwa ga ɗana Sa'adu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa ga ɗanta, ina sanar da kai cewa har yau fushi nake da kai. Rasuwarka ba ta sa na huce ba.

Kai ka yi karatun tuƙin jirgin sama, ba Alhajin da kake yi wa aiki ba. Ka san an yi ruwa ranar. Ka san filin da ya share a gonarsa, can bayan Yola, ƙasa ce, ba kwalta ba. Duk da haka ka tsaya kana kallo ana loda wa ɗan ƙaramin jirgin nan tsaraba, don Alhaji ba ya sallamar baƙo hannu rabbana. Busasshen kifin Binuwai buhu-buhu, jarkokin man shanu, naman rago. Sannan baƙin suka hau.

Sau nawa ka zauna a tsakar gidanmu na Luggere kana cewa, "Dada, jirgin nan fa ba a-kori-kura ba ne"? Ni ka iya faɗa wa. A gaban Alhaji kuwa sai sunkuyar da kai. Na koya maka jin kunyar manya, amma ban taɓa cewa ka ba da ranka da na mutane don wani ya burge baƙinsa ba.

Jirgin bai wuce giginyoyin ƙarshen filin ba. Waɗanda suka je ɗauko ka, kifi suka riƙa takawa.

Alhajin da ya tsaya a ƙasa yana ɗaga muku hannu ya aiko mini da shinkafa, wai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta ɗora buhunan ba. Baffanka ya ce in masu bincike sun zo, in ce ban san komai ba, kada zumuncinmu da Alhaji ya ɓaci. Alhali an riga an ɗauko wani matuƙin, shi ma ɗan wata uwar ne, fili kuma yana nan yadda yake. Na mayar da shinkafar. Abin da ka faɗa mini zan faɗa musu, ko da Baffanka zai daina taka gidan nan.

Ɗana, har yau in na dama kunun gyaɗa sai in ga ya yi yawa. Hannuna bai daina auna naka ba.

Allah Ya gafarta maka da waɗanda kuka tafi tare, Ya haskaka kabarinku. Ni kuma, ranar da masu binciken suka zo, Ya buɗe mini bakin da kai ka kasa buɗewa.

Mahaifiyarka,
Dada