Kafin mu hau dutsen ƙanƙara

Abban Nusaiba,

Motar ofis ta iso, ban so in tashe ka ba.

Jiya da muka shiga ɗakin wasan ƙanƙarar nan na babban kanti don mu gwada sanyi kafin tafiyarmu ƙasar Jojiya, minti ashirin kacal muka yi. Kana ta dariya kana ɗaukar mu hoto, amma na ga yadda kake murza gwiwarka a mota. Ka ce takalmin zamiya ne ya matse ka. Yanzu na tsinci kwalin maganin ciwonka a kwandon shara, ko ƙwaya ɗaya babu.

Minti ashirin ke nan fa. Can kwana biyar ne a kan dutse, ga sanyi, ga ƙarancin iska, kuma ban san nisan asibiti ba. Kana da sikila, ko ka manta kwana taran da ka yi a kwance bara? Na san ka yi wa Nusaiba alkawari, har ta gaya wa 'yan ajinsu. Ni ma ina so. Amma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Don Allah kada ka ce wa mai tikiti khalas ya yanka mana yau. Ka fara kiran Dakta Rahamatu, ka faɗa mata gaskiya, har da gwiwar. In ta ce mu je, da hannuna zan haɗa maka akwati.

Kunu na fulas. Ka sha ruwa sosai.

Ka yi haƙuri, fasfonka yana jakata.

Asama'u