Tawul ɗin da ƙanena ya hana ni jefawa

Gwaggo Lubabatu, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da Hausata, a Jidda aka haife ni, a bakin kakanmu na tsince ta.

Ni da ƙanena Thamer a unguwar Bani Malik muka tashi. Kakanmu ɗan kokawa ne a ƙasar Gobir kafin ya zo hajji ya zauna. Shi ya koya mana kamu da kaye a kan rufin gida, bisa tsofaffin katifu, kuma dokarsa ɗaya ce: wanda ka kayar, kai za ka tashe shi. Da muka girma sai muka faɗa reslin, kokawar nan ta talabijin da ake tsara wanda zai ci tun kafin a fara. Wani tela a unguwar Bab Makka ya ɗinka mana abin rufe fuska, ni Kura, shi Damisa. Da rana muna aiki a tashar jiragen ruwa, ranar hutu muna wasa a bukukuwan makarantu da wuraren shaƙatawa. Ni ne mugu kullum a wasan. Yara su yi ta yi mini ihu, har wata tsohuwa ta taɓa jifana da takalmi, kuma wallahi ba a taɓa ba ni kyautar da ta kai wannan daɗi ba. In an tashi mu tafi mu ci wake da gurasa mai zafi, muna dariya har da hawaye.

Mutane suna cewa ƙarya muke yi. Na yarda, amma faɗuwar ta gaske ce. Duk gwanintar ita ce ka ɗaga mutum ka maka shi da ƙasa, tafin hannunka na ƙarƙashin ƙeyarsa, ba wanda ya gani. Shekara da shekaru muna haka, ko haƙori ban taɓa fasa masa ba.

To, 'yarsa Afnan ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ƙawayenta sun ce faɗan babanta na bogi ne. Halas, shi ke nan, tun ranar Thamer ya canza. Ya shiga horon faɗan keji, wanda ake haɗa dambe da kokawa da shuri da shaƙe wuya, inda in mutum ya faɗi a lokacin ne ma ake hawansa da naushi. Thamer fa ya haura shekara talatin da biyar, Gwaggo! Na je kallon horonsa, na ga ya kayar da wani saurayi, sai hannunsa ya tafi ƙarƙashin ƙeyar yaron da kansa. Yaron ya juye ya shaƙe shi. Mai horarwa ya yi ta faɗa, ni kuwa na fita waje don kada a ga idona.

Yanzu an sa masa ranar faɗansa na farko. Yana so in tsaya a kusurwarsa riƙe da tawul, wanda in an jefa shi alƙali yake tsayar da faɗa. Amma ya ce sai na rantse ba zan jefa ba, ko me na gani. In na ƙi, zai ɗauko wani abokin horonsa, ya ce kuma in daina kiransa Damisa. In na rantse, yaya zan tsaya ina kallo ana dukan kan da na yi shekaru ina tarewa? Ni dai rufin gidanmu nake kewa.

Naki, Tsohuwar Kura, Jidda.

Amsa

Ɗana Kura, Hausarka ba ta da laifi, ta fi ta wasu 'yan Kano da ke rubuto mini.

Bari in fara da ɓangaren ƙanenka, domin na lura ba ka tsaya a kansa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana faɗuwa ta gaske ana ce masa maƙaryaci, yana da haƙƙin ya so a ga ƙarfinsa ko sau ɗaya. Ba yaro ba ne, ba kuma za ka mayar da shi kan katifun kakanku ba. Wancan zamani ya yi daɗi, ya wuce. Ka daina yi masa kallon wanda ya ci amanarka.

Sai dai kada ka rantse. Rantsuwar da ka san za ka karya, ko za ka cika ta ka yi nadama har abada, ba ta da wani alheri. Ka same shi tun yanzu, ba ranar faɗa ba, ku zauna da mai horarwarsa ku fayyace abin da in ya faru za a tsayar: in ya daina kare kansa, ko idonsa ya juya. Jini a hanci ba dalili ba ne, kai ma sai ka daure. Likita ya duba shi sosai kafin ranar, musamman kansa da wuyansa. Afnan kuma wani ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake maka mutum da ƙasa ba a ji masa ciwo ba, ta san aikin babanta ba na rago ba ne.

Zai yi fushi, watakila ya yi kwanaki bai ɗaga wayarka ba. Amma ka tambayi kanka: abokan horo sun cika masa wuri, me ya sa kai ya fara nema? Bakinsa ne ke neman rantsuwa. Jikinsa kuwa ya san wanda bai taɓa bari ƙeyarsa ta bugi ƙasa ba. Ka gaya masa tawul ɗin nan hannunka ne, wuri kawai ya canza.

Allah ya fito da Damisa lafiya, ya sa ku ci wake da gurasarku bayan an tashi, ko ya ci ko an ci shi.

Gwaggo Lubabatu