A Maido wa Kaka Dije Marin Ubanta

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da tashin ƙauyukan bakin kogi, a Yelwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ne Ɗanjumma tela, mai keken ɗinki a rumfar da ke kallon masu kifi a kasuwar Yelwa. Na yi ta zuwa ofishinka har masinjanka ya san sunayen 'ya'yana, amma ban samu ganinka ba. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani ya karanta ya isar maka. Kakata ce ta aiko ni, wato Kaka Dije ta Gungun Tsamiya, wadda ka ari ƙarfenta.

Na farko, bari in gaya maka ko na wane ne, don ranar da ka ɗauka kana sauri, ba ka tsaya ka ji ba.

Mahaifin Kaka sunansa Audu, amma Baba Maiteku kowa ke kiransa. Yana yaro ya fita duba komar kamun kifi a bakin kogin Kwara, mahara suka kama shi. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, ana gangarawa kudu, har bakin teku. Can aka sa masa mari, wato ƙarfen ɗaure bayi, a ƙafa, aka cusa shi cikin jirgi, aka haye da shi wata ƙasa inda ya yi ta saran rake har gemunsa ya soma fari. Da Allah ya nufa ya fanshi kansa, ya samu jirgi ya sauka Ikko, ya bi fatake har ya iso gungunmu, tsibirin nan na tsakiyar kogi. Bai tarar da uwa ko uba ba. Wata tsohuwa ce ta gane shi da zanen fuskarsa, ta fashe da guɗa. Ya yi aure da tsufansa, ya haifi ɗiya guda, ita ce Kaka.

Marin nan da shi ya dawo cikin jakarsa. In an tambaye shi dalili, sai ya yi dariya ya ce ai ranar da ya biya kuɗin kansa ƙarfen yana ajiye da sunansa, don haka yana cikin ciniki. Da shi yake ɗaure kwalekwalensa. Mutum ne mai raha, in ji Kaka, yana koya wa yara ƙidaya da yaren can suna ta tuntsura dariya. Abu guda ne bai taɓa yarda ba har ya rasu: rake bai shiga bakinsa.

Na biyu, yau duk faɗin ƙasar Yauri, daga Ngaski har Shanga, ban san wani mai rai da ya ji wannan labari daga bakin wanda aka haye da shi ba, in ba Kaka ba. Shekarar da aka samu 'yancin kai, malamin makaranta ya kawo mata yara. Ta ɗaga marin ta girgiza shi suka ji ƙararsa, ta sa kowane yaro ya ɗauka ya ji nauyinsa. Sannan ta ce musu, “Wanga abu da kuke ma biki, babana ya riga ku ɗanɗana shi, kuma ya ce da daɗi.” Ran nan yara sun koma gida suna ta maimaita maganar. Sauran kwanaki kuwa, ba zan ɓoye maka ba, akuyarta take ɗaurewa da shi a turke. Ta ce ƙarfen da ya riƙe mutum bai fi ƙarfin riƙe akuya ba.

Na uku, yadda ya bar hannunmu. Lokacin da za a toshe ruwa a Kainji, ka zo gungunmu kai da wani Bature mai ɗaukar hoto, kuna duba kayan da za a kwashe. Baturen ya ga marin a turke, ya durƙusa yana ta jujjuya shi. Kai da bakinka ka roƙi Kaka aro, ka ce za a nuna wa manyan baƙi a bikin madatsar ruwa, da an tashi biki za a maido. Ina wurin, mai unguwa yana wurin. Kaka ta kwance akuyar da hannunta, ta goge ƙarfen da gefen zanenta, ta miƙa maka. Har gasasshen kifi ta sa aka naɗe muku.

An yi biki an watse. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Ƙarfe shiru.

Na huɗu, ka shaida ba mu da yawan ƙorafi. An tashe mu daga gungu mun tashi. An ba mu gidajen siminti masu zafi kamar tanda, mun kafa rumfunan zana a tsakar gida muna kwana. Kabarin Baba Maiteku yana ƙarƙashin tafki yanzu. Ranar da ruwa ya rufe gungun na ji tsoron gaya wa Kaka, na yi ta kewaye-kewaye. Da ta gane, ta share ido, sannan ta ce, “Ku bar shi, shi ya saba da babban ruwa.” Matar da ta yafe muku kabarin ubanta, ai ba ta cancanci a riƙe mata guntun ƙarfe ba.

Akwai kuma batun akuya. Duk igiyar da aka ɗaure ta da ita sai ta tauna. Ta shiga lambun albasar maƙwabcinmu, ta ci wa limamin sabon ƙauye gefen rawanin da ya shanya, kuma duk ƙarar da aka kawo rumfata take ƙarewa.

Na biyar, kuma wannan ne ya sa na zauna rubutu. Malam Isa direba, wanda nake wa ɗinki, ya kai kaya wani babban birni, ya shiga ɗakin da ake ajiye kayan tarihi. Ya ga marin Kaka cikin akwatin gilashi, ya gane shi da lanƙwasar da ke gefensa. An rubuta a ƙasa wai marin bayi ne, ba a san mai shi ba. Da na gaya wa Kaka, dariyar da ta saba yi ta ɗauke. Ta ce, “Ɗanjumma, can ƙetare sun ƙwace mishi suna, ya yi tafiya mai nisa ya dawo ya karɓi abinai. Yanzu kuma a gida za a ƙwace?” Ranka ya daɗe, ƙafafunta sun soma kumburi, idonta ya ragu. Ba ta da shekarun jiran takarda ta zagaya ofisoshi.

Saboda haka ga roƙonmu. A maido da marin hannun Kaka tun tana gane shi. In masu ɗakin nan suna son sa, ta ce bayan ranta su ɗauka, amma da sharaɗin a rubuta sunan Audu Maiteku na Gungun Tsamiya, a rubuta cewa an tafi da shi kuma ya dawo. A kuma turo wani mai haƙuri da alƙalami ya zauna ya ji labarin daga bakinta. Ya zo da hantsi, lokacin hankalinta ya fi tsayawa wuri guda.

Allah ya ƙara maka girma, ya kiyaye ka a ruwa da tudu, ya raya zuriyarka cikin 'yanci. Kaka ta ce in gaya maka ta yafe wa waɗanda suka kama ubanta da waɗanda suka saye shi, don shi ya umarce ta da haka kafin ya rasu. Taka yafiyar ma tana nan a shirye, ta ce, amma ba za ta ba masinja ba. Sai ka zo da kanka ka karɓa.

Wassalam.

Ɗanjumma Tela, jikan Kaka Dije,
Kasuwar Yelwa.