Panela Ba Rawa Take Yi Ba

Yaya Wilfrido,

Na tafi ofis, kana barci. Da safe na kai kyanwar nan Panela wurin likitar dabbobi. Jan gindin da ta yi mako uku tana yi a kan tayil, kana ɗaukar bidiyonsa kana ɗora masa kiɗan kumbiya kana tura wa abokanka, ba rawa ba ce. Wasu 'yan jakunkuna biyu ne a gefen duburarta suka toshe. Likita ta matse ta dama. Ta hagu ta tara mugunya, saura kaɗan ta fashe.

Na gaya wa likitar kana ba Panela tafarnuwa don tsutsar ciki. Ta cire tabarau ta ce, "Shi wannan yayan naki, shekararsa nawa?" Na ce arba'in da shida. Ta ce in sanar da kai tafarnuwa guba ce ga kyanwa.

Ƙarfe biyu ka ba Panela ƙwaya ɗaya, maganin yana kan firji. Sannan ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, ka ɗaga wutsiyar, ka gasa wurin minti biyar. Akwai wari. Ka daure. Kada ka cire robar da likita ta sa mata a wuya don hana ta lasar wurin.

Idan wurin ya fashe, sai tiyata. Kyanwar Mama ce, kuma kai ta bar wa amana da za ta tafi garin Sincelejo, tunda kai ne ba ka zuwa ko'ina. Ranar Lahadi za ta dawo. Idan ta tambaye ni, zan gaya mata yadda aka yi, har da kwanan wata.

Nubia