Benci Ɗaya da Masu Shayarwa

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Asibiti
Ta hannun: Babbar Jami'ar Jinya
Daga: Ƙanwar wata majinyaciya, Sashen Ciwon Daji
Kwanan wata: 9 ga Satumba

Game da: Haɗa masu ciwon dajin nono wurin jira ɗaya da masu jego

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin yayata, wadda aka cire wa nonon hagu a wannan asibiti ranar 3 ga Yuni. Ni nake rako ta. Ban saba ɗaga murya gaban manya ba, shi ya sa na zaɓi takarda.

1. Ranar 4 ga Agusta, saboda gyaran rufi, aka mayar da masu jiran ƙarin ruwan maganin daji barandar da ake koya wa masu jego shayarwa. Benci ɗaya muke zama. Malamar jinya takan tsaya da 'yartsana a ƙirji, iyaye na tafi suna rera cewa babu kamar nonon uwa. Gaskiya ne. Sai dai yayata ta yaye ɗanta yana wata biyar, bisa umarnin likitanku.

2. Ranar 18 ga Agusta wata mai jego ta miƙa wa yayata jariri ta riƙe, kamar yadda mata kan yi, ta shiga banɗaki. Yaron ya yi ta laluben ƙirjinta har ƙyallen da take cusawa cikin riga a gurbin nonon ya zame ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Kowa dai ya gani. Ni na duƙa na ɗauka. Ban ga laifin matar ba, balle jaririn.

3. Ƙaramin ɗakin da wata dattijuwar malamar jinya ke zama da majinyatan, su yi kukansu a rufe, yanzu buhunan siminti ne a ciki. Na tambayi mai kula da sashen, ya shaida mini magani aka zo karɓa, ba hira ba.

4. Tun ranar da ƙyallen ya faɗi, yayata ba ta ƙara ɗaukar ɗanta ba. In ya yi kuka sai ta kira ni, ta juya fuska bango. Ta ƙi zuwa ranar 1 ga Satumba, alhali likita ya gargaɗe mu kan tsallake magani. An kammala rufin tun ƙarshen Agusta, har da fenti. Rufin ya samu mai tunawa da shi, majinyatan kuwa har yau suna barandar.

Don haka ina roƙon a mayar da majinyatan wurinsu na da, ko ma ƙarƙashin matakala ne, a kuma kwashe simintin a bar musu ɗakinsu. An sake ba ta ranar 15 ga Satumba. In na samu amsa kafin nan, zan ce mata an sauya wuri, wataƙila ta sa takalmi ta biyo ni. In ban samu ba, ba ni da abin faɗa mata, kuma ban iya yi mata ƙarya ba.

Allah ya ƙara girma. A gafarce ni in na wuce gona da iri.

Mai biyayya,
(sa hannu)
Ƙanwar majinyaciya