Dabinon Mma da Idon Ɗanjuma

Assalamu alaikum Yaya Sadik, bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ka san ni da rubutu ba mu saba ba, ka yi haƙuri da shi. Maganar degu ɗinka ce, 'yan dabbobin nan biyu da baturiyar da ka yi wa keji a Anloga ta bar maka da za ta koma ƙasarsu. Kai ka sa musu Kofi da Ɗanjuma, duka biyun sunan ɗan Juma'a ne, don ranar Juma'a suka shigo gidanmu.

Kofi ya mutu, Yaya.

Duk abin da ka koya mini ina yi. Busasshiyar ciyawa, yashin wanka, guntun katako na gwaguya. Ban taɓa ɗaga su ta wutsiya ba. Ina duba haƙora kamar yadda kake cewa: “In sun yi ja kamar na mai cin goro, lafiya lau, in sun yi fari, a ji tsoro.” Ka kuma ce zaƙi guba ne gare su, ko ayaba kar a ba su.

Ka tuna yadda Mma ta tsane su? “Ɓera ɓera ne, ko daga jirgi ya sauko.” To tun da aka kai ka, sai ta koma zama gaban kejin nan da carbinta. Na ji daɗi paa. Ban san abin da ke hannunta ba.

Da azumi ya zo, ta ci gaba da ware maka dabinonka na buɗa-baki. Tunda ba ka nan, sai ta gutsura musu ta jikin waya, wai ladan ya kai gare ka. Har bayan Sallah ba ta daina ba. Ni ina wurin aiki, ina mamakin yadda suke shanye ruwa. Sai da na binne Kofi na tsinci ƙwallon dabino a cikin ciyawarsu. Yanzu idon Ɗanjuma na hagu ya yi fari kamar an ɗiga nono.

Na daɗe ina juya maganar. In yi shiru, ya bi ɗan'uwansa. In faɗa, ka san zuciyarta.

Na faɗa mata. Ta ƙulle dabinon a bakin zanenta. Tun ranar ba ta matso kejin ba. Ɗanjuma kuma kullum magariba yana tsaye jikin waya, yana shinshina inda take zama.

Jiya na sa mata ciyawa a tafin hannu, na ce mata wannan kake ba su da kana nan. Ta riƙe ta har aka kira sallah. Ba ta tashi ta je wurin kejin ba, amma ba ta yar ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya zuciyar Mma, ya bar mana idon dama.

Ƙaninka,
Mubarak, Asawase