Hancin Baba Ya Buɗe, Ƙirjin Bai Saki Ba

Yaya Idi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ina zaman Kumasi? Mu nan Maijirgi sai godiya.

An yi wa Baba aikin hanci a Maraɗi. Lokotoro ya ciro naman da ya daɗe da toshe shi, ya ce fukar da ke damun Baba za ta yi sauƙi amma ba ta rabu da shi ba, kada ya bar magani, kada ya shiga ƙura. Da ya dawo har ƙamshin daddawa ya ji. Ya ce, "Ciwon da aka yanke aka binne, me zai dawo nema?" Ya ba maƙwabci sauran ƙwayoyin, ya koma wurin sheƙar gyaɗa.

Yau da na kai masa fura, na ji kukan nan a ƙirjinsa, siriri kamar usur. Na ce, "Baba, ta dawo." Hannu kawai ya ɗaga mini, magana ta ƙi fita. Haka marigayiya Inna ta fara.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka gaida Hajo da yara, a sa mu a addu'a. Ka zo gida, kada ka jira bayan kaka.

Ƙanwarka,
Rabi